Gnome da jinsunan almara a wasannin taka rawa na kan tebur

Gnome, wanda ake furtawa "nom", ɗaya ne daga cikin jinsunan almara da ɗan wasa zai iya zaɓa a wasannin taka rawa na kan tebur, musamman Dungeons & Dragons da Pathfinder. A cikin waɗannan wasanni 'yan nom gajerun halittu ne masu siffar mutum, tsawonsu bai wuce ƙafa 3 zuwa 4 ba, suna rayuwa ɗaruruwan shekaru, kuma an san su da son sani, da barkwanci, da tsafin rufa ido, da ƙere-ƙere. Sun fara bayyana a Dungeons & Dragons a shekarar 1974 a matsayin halittun da ake cin karo da su a cikin labari, sannan a 1978 aka ba 'yan wasa damar zama su.

Sauran manyan jinsunan wasan, wato elf da duwaf da haflin, sun samo kamanninsu ne daga littattafan marubucin Ingila J. R. R. Tolkien. Nom bai da irin wannan tushe guda ɗaya da kowa ya yarda da shi. Saboda haka kusan kowane sabon bugu na wasan sai ya sake masa hali da sana'a, wani bugun ma ya cire shi daga babban littafin 'yan wasa. Tarihinsa yana nuna yadda tunanin "jinsi" ya sauya a waɗannan wasanni cikin shekaru hamsin, daga tsarin da ke ƙayyade wa ɗan wasa abin da zai iya zama zuwa tsarin da ya bar masa zaɓi.

Asalin kalma

Kalmar ta fito ne daga gnomus na harshen Latin, wadda Paracelsus, likita kuma masanin alkimiyya ɗan ƙasar Suwizalan da ya rayu daga 1493 zuwa 1541, ya yi amfani da ita. A wani littafinsa da aka buga a 1566, bayan rasuwarsa, ya raba ɓoyayyun halittu gida huɗu bisa ga ruwa da iska da wuta da ƙasa. Na ƙasa su ne 'yan nom. Ya ce tsawonsu taƙi biyu ne, kuma suna ratsa ƙasa kamar yadda mutum ke ratsa iska.

Masana tarihin kalmomi sun kawo bayani biyu game da inda Paracelsus ya samo sunan. Wasu na danganta shi da wata kalma ta Girkanci da za ta ba da ma'anar "mazaunin ƙasa", wasu kuma da kalmar Girkanci mai nufin tunani ko ra'ayi. A Turanci ba a furta harafin g na farkon kalmar, amma a Jamusanci da Faransanci ana furta shi. Kalmar Hausa "wada" ba ta dace da fassarar nom ba, domin tana nufin ɗan adam ne mai gajarta, kuma ba za ta bambanta nom da duwaf ba, alhali wasannin suna ɗaukar su jinsi biyu daban.

Kafin zuwan wasannin

Bayan Paracelsus, sunan ya gauraya da tatsuniyoyin Turai na ƙananan halittu masu tsaron ma'adinai da dukiyar ƙarƙashin ƙasa. A ƙarni na 19 aka fara yin mutum-mutuminsu da yumɓu a Jamus domin ƙawata lambu, da dogon gemu da hula mai tsini. A 1847 Sir Charles Isham ya kai guda 21 gidansa na Lamport Hall da ke Ingila. Wannan siffa ta ƙara yaɗuwa bayan fitowar wani littafi mai zane-zane na Wil Huygen da Rien Poortvliet a Holan a 1976, wanda aka fassara zuwa Turanci a 1977.

Tolkien da kansa ya yi amfani da kalmar a rubuce-rubucensa na farko, amma ga wani reshe na elf da ya kira Noldor, saboda alaƙar da ya gani tsakaninta da ilimi. Daga baya ya watsar da ita. Wannan ya sa nom bai shiga cikin jerin halittun da littattafansa suka kafa wa adabin almara na zamani ba.

Matsayin jinsi a cikin wasa

A wasan taka rawa na kan tebur, mutane kaɗan ne ke zama tare, kowa yana riƙe da tauraro ɗaya na labari, sai mutum guda da ake kira jagoran wasa wanda ke bayyana duniyar labarin da abin da ke faruwa a cikinta. Idan sakamakon wani aiki bai tabbata ba, sai a jefa dayis, irin na lido amma mai fuskoki daban-daban. Wanda aka fi amfani da shi a Dungeons & Dragons shi ne mai fuska 20.

Lokacin ƙirƙirar tauraro, ɗan wasa yana zaɓar abubuwa biyu manya. Na farko shi ne jinsi, wato irin halittar da tauraron yake. Na biyu shi ne sana'a, kamar mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo. Kowane tauraro yana da maki a siffofi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. A mafi yawan tarihin wasan, jinsin da aka zaɓa yana ƙara wa wasu siffofi maki ko ya rage musu, yana ƙayyade girman jiki da saurin tafiya, kuma yana ba da baiwa irin su gani a cikin duhu.

Tarihi a Dungeons & Dragons

Shekarun farko, 1971 zuwa 1977

A wasan yaƙi na Chainmail da Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar a 1971, an haɗa nom da duwaf a wuri ɗaya ba tare da bambanci ba. Da Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974 ta hannun kamfanin TSR na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka, jinsuna huɗu ne aka tanadar wa 'yan wasa: mutum, duwaf, elf da hobit. An bayyana nom a cikin jerin sauran halittu a matsayin ɗan'uwan duwaf da ya ɗan fi shi ƙanƙanta, mai zama a ramukan tuddai. A 1977 kamfanin ya sauya sunan hobit zuwa haflin bayan masu riƙe da haƙƙin wasu ayyukan Tolkien sun yi barazanar kai ƙara.

Bugu na farko da na biyu

Littafin Players Handbook na 1978 ya ƙara yawan jinsunan zuwa bakwai: mutum, duwaf, elf, nom, haflin, ruwa-biyun elf da ruwa-biyun ork. A nan ne nom ya sami abin da ya raba shi da duwaf. Duwaf ba ya iya zama matsafi, amma nom yana iya zama mai rufa ido, sana'ar da mutum da nom kaɗai aka yarje wa. An kuma ba shi gani a duhu, da sanin gangaren ƙasa a cikin rami, da fifiko wajen yaƙi da goblin da kobol, da wahalar samu ga manyan ƙattai idan sun kawo masa duka.

Tare da waɗannan baiwa akwai ƙaidi. Duk jinsin da ba mutum ba yana da matakin da ba zai wuce ba a yawancin sana'o'i. Nom zai iya hawa ba iyaka a sana'ar ɓarawo, amma a sana'ar mayaƙi ko mai rufa ido sai ya tsaya a wani mataki, abokinsa mutum kuwa ya ci gaba. Gygax ya bayyana cewa an tsara wasan ne domin mutum ya zama cibiyar duniyar labarin, kuma ƙaidin yana hana jinsuna masu tsawon rai mamaye ta. A reshen wasan mai sauƙi na 1981 abin ya fi haka tsauri: elf da duwaf da haflin su kansu sana'o'i ne, nom kuwa ba ya cikin zaɓi.

A cikin waɗannan shekaru aka gina wa nom al'ada. Littafin Deities & Demigods na 1980 ya gabatar da Garl Glittergold, abin bautarsu a cikin labarin, wanda aka sani da wayo da zolaya. A 1982 Roger E. Moore ya rubuta maƙala a mujallar Dragon kan yadda 'yan nom ke kallon duniya. Bugu na biyu na 1989 ya bar nom a cikin babban littafi, ya ƙara masa maki ɗaya a basira, ya rage masa ɗaya a hikima. A 1993 aka fitar da littafi na musamman kan nom da haflin wanda Douglas Niles ya rubuta.

Bugu na uku da na huɗu

Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, shi kuma Hasbro ya saye shi a 1999. Bugu na uku da ya fito a 2000 ya soke ƙaidin mataki, ya kuma buɗe kowace sana'a ga kowane jinsi. Nom ya sami ƙarin maki biyu a juriya da ragin biyu a ƙarfi, tare da iya magana da dabbobi masu haƙa rami. Sana'ar da aka ce ta fi dacewa da shi ita ce rufa ido, amma a gyaran da aka yi a 2003 sai aka mayar da ita mawaƙi.

A bugu na huɗu na 2008 an cire nom da ruwa-biyun ork daga littafin 'yan wasa na farko. An saka tiflin, mai ƙaho da jinin shaiɗanu, da jinsin da ke da siffar dragon, da wani sabon reshe na elf. Nom ya koma littafin dodanni, har kamfanin ya fitar da gajeren zane mai motsi na barkwanci inda wani nom ke murnar zama dodo. Matakin ya jawo ce-ce-ku-ce tsakanin 'yan wasa. A 2009 nom ya dawo a Player's Handbook 2 da sabon asali: an ce daga duniyar aljanu ta Feywild ya fito, inda ya koyi ɓuya saboda bautar da wasu ƙattai suka yi da shi, kuma yana iya ɓacewa idan an ji masa rauni.

Bugu na biyar

Bugu na 2014 ya mayar da nom cikin babban littafi, a cikin jinsuna tara. An ba shi ƙarin maki biyu a basira, da gani a duhu har ƙafa 60, da tafiyar ƙafa 25 a kowane zagaye, ƙasa da ƙafa 30 na mutum. Babbar baiwarsa ita ce idan aka jefe shi da tsafin da ke taɓa basira ko hikima ko kwarjini, yana jefa dayis sau biyu ya ɗauki sakamako mafi kyau. Littafin ya ce nauyinsa ya kai kimanin fam 40, wato kusan kilo 18, kuma yana rayuwa daga shekara 350 zuwa kusan 500.

Ire-iren nom

Nom na dutse shi ne aka fi sani. Yana zama a ramukan tuddai, ya ƙware a gyaran duwatsu masu daraja da haɗa ƙananan na'urori, kamar abin kunna wuta ko akwatin kiɗa.

Nom na daji ya fi ƙanƙanta da kunya. Yana ɓoye ƙauyukansa a cikin kurmi, yana da ɗan tsafin rufa ido tun haihuwa, kuma yana iya isar da saƙo ga ƙananan dabbobi.

Nom na ƙarƙashin ƙasa, wanda ake kira svirfneblin, ya fara bayyana a 1978, ya shiga littafin Fiend Folio a 1981, kuma aka ba da damar wasa da shi a Unearthed Arcana na 1985. Fatarsa launin toka ce kamar dutse, ba shi da fara'ar danginsa, domin yana zaune ne tsakanin maƙiya masu ƙarfi a can cikin ƙasa.

Harshe da sunaye

A bugu na biyar an ce harshen 'yan nom yana amfani da haruffan rubutun duwaf, abin da ke tuna tsohuwar dangantakar jinsunan biyu. An kuma ce yawancin 'yan nom suna da sunaye kimanin shida, domin uwa da uba da dattijon zuriya da kawunnai da gwaggonni kowa yana raɗa masa nasa, ga kuma laƙabi. Idan ya shiga cikin mutane sai ya taƙaita su zuwa uku. Wannan harshe ba cikakke ba ne mai nahawu da ƙamus kamar waɗanda Tolkien ya ƙirƙira wa elf. A wasa, aikinsa shi ne nuna wanda zai fahimci wani rubutu ko wata magana.

Nom a duniyoyin labari daban-daban

Duniyar Dragonlance, wadda ta fara a 1984 tare da littattafan Margaret Weis da Tracy Hickman, ita ce ta fi tasiri a kan siffar nom. 'Yan nom ɗinta maƙera ne da ke zaune a cikin dutsen Mount Nevermind, suna ƙera manyan injuna masu sarƙaƙiya da sau da yawa ba sa aiki ko su fashe. Suna magana da sauri har kalmominsu na haɗewa, kuma cikakken sunan kowannensu yana ɗauke da tarihin zuriyarsa. Daga nan ne hoton nom injiniya ya bazu. Duniyar Spelljammer ta 1989 ta kai su sararin samaniya a cikin jiragen da manyan ɓeraye na hamsta ke juya ƙafafunsu.

Eberron na Keith Baker, da ya fito a 2004, ya ɗauki wata hanya. A can 'yan nom suna da ƙasarsu mai suna Zilargo, suna da babban ɗakin karatu a Korranberg, kuma makaminsu shi ne bayanan sirri. Wata ƙungiyar leƙen asiri ce ke tsare zaman lafiyar ƙasar, gidan Sivis kuma shi ke riƙe da aikin fassara da rubuta takardun shaida da aika saƙo tsakanin ƙasashe. A duniyar Dark Sun ta 1991 kuwa babu nom ko ɗaya, domin tarihin duniyar ya ce an ƙarar da su a wani tsohon yaƙi.

Sauran wasanni

Pathfinder, wanda kamfanin Paizo ya fitar a 2009, ya ba nom asali daga wata duniyar aljanu da kuma wata cuta tasa ta kansa. Idan nom ya daɗe bai ga sabon abu ba, launin gashinsa da fatarsa sai ya fara koɗewa, hankalinsa ya raunana, har ya iya mutuwa. Wannan ya mayar da son saninsa larura ta rayuwa, ya kuma ba ɗan wasa dalilin da zai sa tauraronsa ya bar gida.

A RuneQuest na 1978 nom ruhin ƙasa ne da matsafi ke kira, kusa da ma'anar Paracelsus. Bugun farko na Warhammer Fantasy Roleplay na 1986 yana da 'yan nom. Shadowrun na 1989 yana da jinsuna biyar na asali, wato mutum, elf, duwaf, ork da turol, daga baya aka ƙara nom a matsayin reshen duwaf.

Muhawara kan kalmar jinsi

Shekaru da dama littattafan wasan sun yi amfani da kalmar Turanci race, wadda ita ce kuma ake amfani da ita wajen rarraba 'yan adam bisa launin fata. Masu suka sun ce tsarin da ke cewa wani jinsi ya fi wani basira tun haihuwa, ko kuma dukan 'ya'yansa mugaye ne, yana maimaita tsoffin ra'ayoyin wariya. Sun fi kafa hujja da ork da kuma drow, wato elf masu baƙar fata da aka daɗe ana nunawa a matsayin miyagu. Masu kare tsohon tsarin sun ce waɗannan halittu daban ne da mutum, kuma bambancin maki shi ke sa zaɓin jinsi ya yi ma'ana a wasa.

Kamfanonin sun sauya tsari a hankali. Bugu na biyu na Pathfinder a 2019 ya koma amfani da kalmar ancestry, mai nufin zuriya. A watan Yuni na 2020 Wizards of the Coast ya ce zai gyara yadda yake nuna ork da drow, kuma a watan Nuwamba na shekarar littafin Tasha's Cauldron of Everything ya ba ɗan wasa damar kai ƙarin makinsa duk siffar da ya so. A 2022 kamfanin ya nemi afuwa kan bayanin wani jinsi mai kama da biri a sabon Spelljammer, wanda aka ce yana tuna cinikin bayi da zanen cin mutuncin baƙar fata. A watan Disamba na 2022 ya sanar da cewa zai maye gurbin race da species, kalmar da ake amfani da ita ga nau'in halittu a ilimin kimiyya.

Littafin 'yan wasa na 2024 ya fito da jinsuna goma, har da nom da ork, amma babu ruwa-biyun elf da ruwa-biyun ork. Ƙarin maki yanzu yana zuwa ne daga tarihin rayuwar tauraro, kamar ko ya taso soja ne ko manomi. Nom ya riƙe gani a duhu da kariyar tunaninsa da rassansa biyu na dutse da na daji, tafiyarsa kuma ta zama ƙafa 30 daidai da ta mutum.

Tasiri a wajen tebur

Siffar nom ta wasannin tebur ta shiga wasannin kwamfuta. A World of Warcraft na 2004 'yan nom injiniyoyi ne da suka rasa birninsu na Gnomeregan. Baldur's Gate II na 2000 yana da Jan Jansen, nom mai rufa ido kuma ɓarawo, sannan Baldur's Gate 3 na 2023 ya ba da damar wasa da nom na dutse da na daji da na ƙarƙashin ƙasa. A shirin Critical Role, inda 'yan fim masu aikin murya ke buga wasan kai tsaye a intanet tun 2015, biyu daga cikin taurarin zagaye na farko 'yan nom ne: mawaƙi Scanlan Shorthalt da Sam Riegel ya taka, da Pike Trickfoot da Ashley Johnson ta taka. An mayar da labarinsu zane mai motsi mai suna The Legend of Vox Machina a 2022.

Duba kuma

Dungeons & Dragons
Pathfinder
Paracelsus
J. R. R. Tolkien